Taƙaitawar shawarwari kan tallan giya da matasan Maraɗi

Ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu ta kwanakin nan.

1. Mafi yawa sun yarda cewa tallan giya ya fi shigo mana ta ƙwallo da salula. Wani uba ya ce ɗansa yana gane jan tauraron da ke jikin kwalbar giyar Heineken tun daga nesa, saboda yana ganinsa a gefen fili duk daren gasar zakarun Turai a gidan kallo, alhali bai taɓa riƙe kwalbar ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Shawarar da aka bayar ita ce iyaye su san abin da yaro yake kallo, kuma su bayyana masa cewa manufar talla ita ce ya saba da sunan tun kafin ya kai shekarun saye.

2. An rabu kan ƙarfin tallan. Wasu na ganin abokan fada (majalisar hirar samari) da zaman banza sun fi shi tasiri, kuma tramol, wanda babu mai tallansa a telebijin, ya fi yi mana ɓarna. Wasu suka amsa cewa talla ne ke cire wa abin kunya, abokai su ƙarasa sauran.

3. Masu neman doka sun kawo misalin Faransa, wadda ta hana tallan giya a telebijin tun 1991, amma an tuna musu cewa intanet ba ta san iyakar Ɗan Isa, wadda ke tsakanin Nijar da Najeriya, ba.

4. Kowa ya amince a ja wanda ya riga ya faɗa cikin shaye-shaye a jiki, a kai shi wajen likita ba tare da tozarci ba.