Abin da muka tsinta a Agege kan amosanin gaɓɓai

Ranar Lahadi muka zauna a Agege, har da wata ma'aikaciyar jinya, kan ciwon da muke kira sanyin ƙashi. Wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta nuna mana yatsunta sun kumbura sun karkace. Da asuba ko buta ba ta iya riƙewa sai bayan awa guda.

Ma'aikaciyar ta ce irin wannan ciwon, wanda likitoci ke kira rheumatoid arthritis, ba sanyin damina ba ne, garkuwar jiki ce ke far wa gaɓɓai, kuma ya fi kama mata. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma yana lafawa sosai in an tare shi da wuri. Methotrexate, maganin da likita ke bayarwa don lafar da ciwon, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, tare da folic acid da gwajin jini saboda hanta. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta sha.

Abin da ya fi damuna haɗin kemis. Cikin magungunan da ake haɗawa, diclofenac zafi da kumburi kawai yake ragewa, prednisolone kuwa in ya daɗe yana raunana ƙashi, ya tayar da suga. Aka ce a nemi likitan gaɓɓai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), Idi-Araba, a bar sigari, a riƙa motsa yatsu cikin ruwan ɗumi.