Wace ƙasa ce karatun likitanci ya fi sauƙin kuɗi?

Mahaifi daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. 'Yata ba ta samu gurbin karatun likitanci a jami'o'inmu ba, kuma ƙarfina kaɗan ne. Wace ƙasa za ku ba ni shawara?

Malami daga Kawo: Wa alaikumus salam, Alhaji. A da mutanenmu da yawa Sudan suke zuwa, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗalibanmu. Yanzu da yawa sun karkata Masar, sai dai da dala ake biya, don haka ka sa faɗuwar naira da kuɗin haya cikin lissafinka.

Likita daga Barnawa: Alhaji, kada ka ba dillali ko sisi sai ka tabbatar hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci a Najeriya, ta amince da jami'ar, domin idan yarinyar ta dawo, sai ta ci jarrabawar hukumar kafin a ba ta lasisin aiki.