Samfur 40 na citta sun isa a gina PLS, ko in ƙaro?

Ɗan Barnawa: Salamu alaikum. Ina auna danshin busasshiyar citta ta Kachia da NIR, na’urar da ke haska samfur da hasken infrared ta karanta abin da ke cikinsa. Samfur 40 ne, kowanne an haska shi sau 3, layi 120 ke nan. PLS, wato lissafin da ke hasashen danshi daga abin da na’urar ta karanta, ya ba ni R² 0.98 (1 ne cikakkiyar dacewa), amma da aka kawo sabuwar citta sai lissafin ya watse. Kuɗin abu ɗaya ya rage min, ƙarin samfur ko sayen manhaja. Wanne zan yi?

Malam Kimiyya: Ka yi PCA tukuna, lissafin da ke nuna yadda samfuran suka rarrabu, ka ga wanda ya fita zakka.

Hajiya Lab: Ƙanena, samfur 40 gare ka, ba 120 ba. In aka raba layukan barkatai, haskawa ɗaya ta shiga koyo, ’yar’uwarta ta shiga gwaji, an ci jarabawa da satar amsa ke nan. Ɗauki matsakaicin ukun, ka ware 30 na koyo da 10 na gwaji da Kennard-Stone, hanyar zaɓen samfuran da suka fi bambanta da juna. Alamar ruwa tana fitowa a zangon haske na wajen 1450 da 1940 nm (nanomita). In lissafinka bai jingina a can ba, laushin niƙa yake karantawa, sai ka yi SNV, gyaran da ke rage tasirin laushin niƙa a karatun. Manhaja kuwa, akwai ta lissafi mai suna R, kyauta ce.

Baban Amira: Duk wahalar banza ce in awon tanda, wanda da shi ake samun ainihin danshin da ake koya wa lissafin, ya lalace. Akwai wani lab a garin nan, sukan fitar da samfur daga 105°C tun nauyi bai tsaya ba, su ajiye a tebur babu desiketa (mazubin da ke hana shan danshi), ga damina, citta ta sake shan danshi. Wata ɗaliba ta gina aikinta kaf a kan alkalumansu, sai da ta sake daga farko. Dubu uku-uku fa suke karɓa!

Ɗan Kawo: Dubu uku a ina? Biyar ne, ka kuma sayi man janareta.

Malam Kimiyya: Hajiya, a bar lissafi ga masu shi. Samfur 10 ba su isa gwaji ba, RMSEP, wato ma’aunin kuskuren hasashe, zai yi ta rawa. A yi cross-validation, wato a riƙa ware rukuni ɗaya don gwaji bi da bi, kowace citta da haskawarta uku a rukuni ɗaya.

Hajiya Lab: Malam, wanda bai taɓa niƙa citta ba ne zai koya min?

Mai Shayi: Ku turo min buhun, harshena ya fi NIR ɗinku.

Ɗan Kawo: Maganar janareta ma, in an ɗauke wuta ana tsakar haskawa, sai fitilar ta sake ɗumi, a sake ɗaukar farin ma’auni da ake saita na’urar da shi. Masu aikin ba sa jira, shi ya sa ginshiƙin zanen da na’urar ke fitarwa yake gocewa.

Baban Amira: Kuma ko sisi ba za su rage maka ba.

Ɗan Barnawa: Jama’a, to in ƙaro samfurin ne?

Ɗan Kawo: Wai ku a Barnawa awa nawa ake ba ku wuta yanzu?