Neman shawara: Baba ya fara shan maganin Parkinson yanzu, ko ya dakata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina tela ne, shekarunsa 63, kuma wata biyu ke nan da likitan jijiyoyi ya tabbatar masa da cutar Parkinson. Hannunsa na dama yana karkarwa idan yana zaune, tafiyarsa ta yi nauyi, har zura zare a allura ya fara gagararsa. An rubuta masa levodopa, amma wani amininsa ya ce amfanin maganin shekara biyar ne kawai, gara ya jinkirta sai ciwo ya tsananta. Me kuke gani?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan tsoron tsoho ne, kuma an riga an bincike shi. A 2014 an kwatanta marasa lafiya na Gana, waɗanda suka daɗe ba su sami maganin ba, da takwarorinsu na Italiya, sai aka ga cewa murɗe-murɗen jikin da ake gudun maganin zai jawo bayan shekaru ya danganta ne da daɗewar cutar da kuma yawan maganin da ake sha a rana, ba da lokacin farawa ba. Wani gwaji da aka yi a Holan, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa farawa da wuri ba ta hanzarta cutar, ba ta kuma rage gudunta. Levodopa yana cike giɓin sinadarin dofamin ne da ƙwaƙwalwa ta rasa. Ma'aunin likitoci shi ne ko alamomin sun shiga tsakanin mutum da harkokinsa, kuma telan da allura ta gagara ya kai wannan matsayi.

Wani dattijo: 'Yata, shekarata shida ina shan sa. Ku lissafa kuɗinsa tun yanzu, domin ba a yanke shi farat ɗaya, yin hakan yana da haɗari. Ni nakan sha kamar rabin awa kafin abinci, saboda nama da wake suna rage masa ƙarfi.

Wani mai harhaɗa magunguna: Kada araha ta sa ku sayo masa Artane, wani maganin karkarwa, a kemis, domin yana rikita tunanin tsofaffi, yana kuma riƙe fitsari. Ku kai wa likita duk magungunan da Baba yake sha, tunda wasu na amai irin su metoclopramide suna ƙara karkarwa, sannan ku tambaye shi yadda za a tsara lokutan sha kafin azumi ya zo.