Otelo: shin yarda da mutum ce ta kashe Desdemona?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum. Malamai, na gama karanta Otelo, wasan kwaikwayon da Shakespeare ya rubuta wajen 1603, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Kowa yana ɗora wa Iyago laifi, shi da ya ƙullaci ubangidansa saboda an ba Kasiyo muƙamin da yake hange. Amma ta yaya babban kwamandan yaƙi kamar Otelo zai halaka matarsa Desdemona a kan hankici ɗaya, wanda ya ba ta kyauta, daga baya ya gan shi a hannun Kasiyo? Shin yarda da mutum ita ce aibinsa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. A ganina, aibinsa shi ne inda ya ajiye yardar. Desdemona ta saɓa wa mahaifinta a gaban majalisar Venis saboda shi, ta kuma bi shi har tsibirin Saifurus, amma da annamimi ya fara raɗa masa a kunne, sai ya fifita maganar abokin yaƙi a kan ta matar da ta sadaukar masa da komai. Saboda haka, tun kafin daren da ya toshe mata numfashi a kan gado, ya riga ya ci amanarta. Ki kuma lura cewa Iyago bai zo da ƙarya kai tsaye ba da farko: yana furta rabin magana ya yi shiru, kamar mai jin nauyi, har sai da Otelo da kansa ya ƙarasa zargin cewa Desdemona tana cin amanarsa da Kasiyo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da ya zaunar da Kasiyo ya tambaye shi inda ya samo hankicin, da asiri ya tonu nan take.

Mai Nazarin Girka:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina so a kwatanta da Midiya, wasan kwaikwayo na marubucin Girka Yuripidis, wanda aka fara nunawa a Atina a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa. Ita Midiya kam ba zargi ba ne, an ci amanarta a fili: ta guji ubanta, ta kashe ɗan'uwanta domin Jeson, daga baya ya juya mata baya ya auri 'yar sarkin Korinti. Ta aika wa amarya riga da kambi masu guba, amarya da mahaifinta suka mutu, sannan ta kashe 'ya'yanta biyu da hannunta don kawai Jeson ya rasa magaji. Mai kallo yana fara wasan yana tausaya mata, ya tashi yana tsoronta.

Uwar Biyu:
Ni dai, Malam, ban ji an ambaci Emiliya ba. Ita ta tsinci hankicin, mai ɗinkin 'ya'yan itace a jikinsa, ta miƙa wa mijinta Iyago don ta faranta masa rai, ta kuma yi shiru lokacin da uwargijiyarta take cigiyarsa. Duk da haka, da ta ga gawar, ita ta fasa ƙwai a gaban kowa, mijin ya soke ta saboda haka.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai. Na koma kashi na biyar saboda maganarki, Hajiya, sai na ga cewa da Otelo ya nemi a tambayi Iyago dalilinsa, Iyago cewa ya yi ba zai ƙara buɗe baki ba, kuma har wasan ya ƙare bai buɗe ba.