Musayar Baitoci a Kan Damben Kare na Fujian

Nura: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina zuwa wurin wani dattijo a birnin Fuzhou na lardin Fujian a ƙasar Sin da ke koyar da dishuquan, salon faɗan ƙasa wanda mutanen nan suka fi kira gouquan, wato damben kare. Amsa-amonmu "sa".

Malamina dattijo ne siriri mai furfura,
wanda ko kafaɗata bai kai ba a tsawonsa.
Ranar farko na iso ina ɗokin koyon naushi,
sai ya nuna mini daɓen siminti da sandarsa.
Ya ce sai na iya faɗuwa ba tare da rauni ba,
haɓa manne da ƙirji, kada ƙeya ta bugi ƙasa.
Sati shida na yi ina birgima kamar jaki,
gwiwar hannu ta saɓule, kafaɗa ta kasa.

Malam Habu:
Nura ɗana, na karanta har na yi dariya,
domin a kokawarmu wanda ya faɗi ya gama wasa.
A fagen dambe ma, da hannu ya dafa turɓaya,
'yan kallo sun tashi da sowa, an ce an yi kisa.
Su kansu Sinawa suna da tasu kokawar, shuai jiao,
ta Beijing da Baoding, inda wanda aka kayar ya rasa.
Ba da samarin kokawa Sarki Kangxi na Sin ya kama Oboi mai riƙon sarautarsa ba,
a 1669, lokacin da ya shigo gabansa?
To, me ya kai ka uwa duniya koyon kwanciya,
alhali namiji a tsaye ake sanin ƙarfinsa?

Nura:
Baba, ka faɗi gaskiya game da fagen da ke da alƙali,
amma a lungu babu mai raba ka da wanda ya kai ka ƙasa.
Jiya aka haɗa ni da wata yarinya 'yar makaranta,
na miƙa hannu a hankali don kada in yi mata ɓarna da gangan ko bisa
kuskure, kafin in ankara ta zube ta gefenta,
ta saƙala ƙafa ɗaya a bayan dunduniyata daga kusa.
Ɗaya ƙafar ta dafe mini gwiwa ta tura,
sai ga ni ina kallon rufin ɗaki daga nesa.
Almakashi suke kiran irin wannan kamun,
daga nan sai ɗauri, a nannaɗe mutum da ƙafa a hana shi motsa jikinsa.

Malama Binta: Ku ba ni wuri in sa baki, domin tarihin ya fi kokawar jan hankalina.

Masu salon suna cewa wata mai zaman zuhudu ce, Si Yue, ta kawo shi,
ta ɓuya a gidan wani Chen na gundumar Yongtai, ta koya wa ɗansa.
Suna ƙarawa da cewa matan Sin na da, da ake ɗaure wa ƙafafu tun ƙuruciya,
ba sa iya dogon tsayuwa, shi ya sa suka zaɓi ƙasa.
Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin labarin baka,
irin wanda kowane gidan sana'a ke ƙawata asalinsa.
Abin da ke rubuce shi ne Janar Qi Jiguang na zamanin Ming
ya ambaci wani Zhang mai faɗuwa dubu cikin littafinsa.
Chen Yijiu kuwa, sanannen malamin salon, a Singafo ya koyo damben karen,
ya dawo Fuzhou ya yaɗa shi har ƙarshen rayuwarsa.
A 2011 gwamnatin Sin ta sa salon cikin gadon al'adu,
bayan almajirai sun yi ta fafutukar adana sunansa.

Malam Habu:
Malama, na gode. Nura, na janye rabin maganata,
rabin kuma yana nan sai na ga almakashin da tasirinsa.
In ka zo hutu ka gwada a kan yayanka Sule,
a bayan gida kan yashi, kada abokan kokawarsa su ga kayensa.