Saura wata guda baje kolinmu na kammala karatu: in kai yadina karofi ko in rina da kaina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana.

Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a ɓangaren zanen yadi da rini. Saura wata guda da 'yan kwanaki mu yi baje kolin ayyukanmu na kammala karatu. Malami zai zo daga wata jami'a ya zagaya ya ba da maki, bayan nan a buɗe wa jama'a zauren. Furojet ɗina a kan rinin baba ne. Na ɗauko aikin da ake yi wa babbar riga, aska takwas da tambari, na mayar da shi ɗinki da ɗauri a jikin farin yadi, yadda in an rina aka warware zaren zanen zai fito fari a cikin shuɗi.

Damuwata uku ce. A situdiyonmu garin rini na kanti muke haɗawa da soda da wani sinadarin rini da ake kira haidiro. Kalar tana kamawa, amma ba baba ba ne, alhali sunan furojet ɗin baba ya ce. Wata ƙawata ta ce in kwashi yadin in kai Ƙofar Mata a Kano a rina min. Tsorona kada mai jarrabawa ya ce ba aikina ba ne. Na biyu, guda 12 na tsara zan baje, biyar kawai na gama ɗinke wa, kuma kuɗin hannuna ya ja baya. Na uku, tun yanzu wata ƙanwar mamana ta ce tana son biyu, ban san yadda ake sa wa irin wannan aiki kuɗi ba. Waɗanda suka riga mu wucewa, ku taimaka min da shawara.

Tsohuwar ɗalibar sashen yadi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da na biyun don shi ne mai sauƙi. Manta da 12. Idan dokar sashenku ba ta ƙayyade adadi ba, ki tsaya a shida ko bakwai, ki ba su haƙƙinsu. Abin da ke kayar da mutane a baje koli shi ne gamawa: bakin yadi ba kalmasa, zare na reto, alamar fensir ba a wanke ba, ga lanƙwasar ninki a tsakiya saboda an ciro shi daga jaka da safen. Mai jarrabawa zai ɗaga gefen yadin ya duba baya, wannan ki sa shi a ranki. Kuɗin da za ki sayi yadin sauran biyar ɗin ki kai wa tela mai hannu ya yi miki kalmasa, ya ɗinka aljihun sanda a sama, ki sayi sanduna masu santsi na ratayewa. Kuma kada ki yar da ƙyallayen gwajinki, har waɗanda suka ɓaci. Ki manna su a allo ɗaya kusa da littafin zanenki.

Ɗan gidan marina, Kano:
Ƙanwata, ni a gidan rini na tashi, kakana da mahaifina duk sana'arsu ke nan, don haka bari in gaya miki abin da za ki tarar.

Ruwan karofi ganyen baba ne da toka da katsi (ƙonanniyar lakar gindin ramin rini), ake zuba su a rami mai zurfi a bar su su ruɓa kwana da kwanaki ana motsawa har ruwan ya nuna. Idan aka tsoma yadi aka ɗago, kore-kore za ki gan shi, sai ya sha iska a gabanki ya juye shuɗi. Duhun da kike nema ba daga tsomawa ɗaya yake zuwa ba. A tsoma, a ɗaga ya sha iska, a mayar, haka ake ta yi. Mai son shuɗi mai haske ya tsaya da wuri, mai son wanda ya kusa baƙi ya yi haƙuri. Wannan maimaicin ne ya sa kalar baba take da ciki, in kin kalle ta a rana sai ki ga kamar shuɗi a kan shuɗi.

To ga inda aikinki zai iya samun matsala. Ɗinkin da ya riƙe a bokitin situdiyo ba lallai ya riƙe a rami ba, don yadin zai daɗe a jiƙe ana matsa shi da hannu. Ki jiƙa yadin da ruwa tukuna, ki sake jan zaren ki ƙulle, domin auduga in ta jiƙe ɗaurin yakan yi sako-sako. Ki yi amfani da zare mai ƙarfi riɓi biyu. Lanƙwasar tambari da bakin askar nan masu tsini su ne za su fara shan ruwa, nan za ki fi matsewa. Sannan yadin ya zama auduga zalla. Wanda aka gauraya da roba baba ba ya kama shi da kyau, zai fito fari-fari kamar ya koɗe. Ki tsinke zare ɗaya daga gefe ki ƙona: in ya zama toka mai laushi auduga ne, in ya dunƙule ya yi tauri akwai roba. Sitacin kamfani ma ki wanke shi tas kafin ki zo.

Abu na ƙarshe, a wurare da dama yanzu akwai masu ƙara garin kanti a ruwansu don ya yi sauri. Duk inda kika je ki faɗa musu a fili cewa na makaranta ne, na ganye kike so, za a nuna miki ramin da ya dace.

Wani ɗan ajin ƙarshe, ɓangaren sassaƙa:
Ni fa gaskiya ban goyi baya ba. Mu a namu ɓangaren in ka kai wa mai walda na bakin titi ya haɗa maka ƙarfe, sunan aikin naka ne amma hannun ba naka ba. Furojet ɗinki rini ne, kin kai wani ya rina, to me ya rage? Ki samo ganyen baba ki haɗa naki a babbar robar ruwa, ko bai yi duhu ba dai naki ne.

Ɗan gidan marina, Kano:
Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, amma ruwan baba yana da rai. Wanda ya shekara ashirin a kai ma wani lokaci ruwansa yakan mutu, toka ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko sanyi ya hana shi tashi. Saura mata wata guda. In ya ƙi tashi bayan sati biyu, ina za ta nufa da ɗinkin da ta ɓata watanni a kai?

Malami a kwalejin ilimi, mai koyar da zane:
'Yata, maganar ɗan'uwanki mai sassaƙa ba abin yarwa ba ce, ita ce ainihin tambayar da za a yi miki, gara ki ji ta a nan kafin ranar. Na zauna a irin wannan zagaye, kuma abin da muke nema shi ne: wane ne ya yanke shawara a kowane mataki, kuma ɗalibin zai iya bayani? Mai zanen yadi a masaƙa ba shi ke tuƙa inji ba, amma ya san abin da injin zai yi wa zanensa. Idan kin aika yadi a mota aka rino aka dawo miki da shi, wannan kam kin sayi aiki ne. Idan kuwa kin je kin tsuguna a bakin ramin, ke kika ce a ƙara tsomawa, ke kika ce ya isa, kin rubuta sau nawa aka tsoma kowanne, kin roƙa an bar ki kin sa hannunki a ruwan, to wannan bincike ne, kuma ya fi na bokiti nauyi.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, gobe ki je wajen sufabaizanki ki faɗa masa, kada ya fara ji a bakin wani. Kowane sashe da dokarsa, in ya ce a'a to a'a ce. Na biyu, ki rubuta a katin da ke gefen kowane aiki cewa zane da ɗinki naki ne, an rina a karofi kaza tare da marini wane, bayan kin nemi izininsa a sa sunansa. Ɓoyewa ce ke mayar da abin ha'inci. Kuma haƙƙinsa ne, mutumin da ya ba ki ilimin gidansu bai kamata ya ɓace daga bango ba.

Wannan hanya ma ba ke kika fara ta ba. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Abin da suka tsaya a kai shi ne a haɗa abin da aka koya a aji da fasahar gida. Uche Okeke zanen uli na matan Ibo ya koma ya nazarta. Ladi Kwali da ke jikin naira 20 kuwa a gida ta koyi ginin tukunya irin na Gbagyi, sai a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, daga baya jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ina kawo su ne don in an tambaye ki me ya kai ki karofi, ki san kina da magabata. Ramukan Ƙofar Mata ana danganta kafuwarsu da shekarar 1498, ɗalibar rini da ke iya zuwa can ta ƙi zuwa ita ce za ta fi shan tambaya a wajena.

Shawarar mai sassaƙa kuma ki ɗauki rabinta. Ki haɗa ƙaramin ruwan baba a roba, ki gwada ƙyalle biyu uku. Ya tashi ko bai tashi ba, ki ajiye sakamakon a allon gwaji tare da na garin kanti da na karofi, a jere. Duk wanda ya tsaya a gaban allon nan zai ga kin san bambancin da idonki.

Wani ɗan ajin ƙarshe, ɓangaren sassaƙa:
In dai za ta je da kanta kuma a rubuta a kati, na janye, Malam.

Anti mai shagon kayan ado, Abuja:
Ni maganar kuɗi zan yi, don nan ɗalibai suke cutar kansu. Ki zauna da biro ki lissafa yadi, zare, ladan rini, kuɗin mota, tela, sanda. Sannan ki lissafa kwanakin da kika yi kina ɗinki, ki sa wa kowace rana abin da za ki biya mai aikin hannu in da shi kika ba. Wannan jimlar ita ce ƙasa, riba a samanta take. Yawancinku kuɗin kaya kawai kuke ƙirgawa, ku manta da bayanku da idanunku.

Kada ki sayar da komai kafin a gama ba da maki, kuma ki tambaya ko sashenku yana riƙe aiki ɗaya, don wasu suna yi. Wanda ya nuna yana so ya ba da kafin alƙalami, ki manna ɗan jan ɗigo a katin alamar an saya, ya karɓa ranar da aka tashi. Antinki kuma ki gaya mata farashin gaskiya tukuna, sannan ki ce kin rage mata kaza don zumunci. In kika ba ta a kuɗin yadi, duk dangi a haka za su nema har ki yi aure ki haihu.

Ki ɗauki hoton kowanne kafin ya bar hannunki, da safe a inuwa, ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya kusa yadda za a ga sawun allura. Hotunan nan su za ki riƙa nunawa lokacin bautar ƙasa da bayanta. Ki buga ƙananan katuna da lambarki ki ajiye a tebur. Kuma mafi kyawun cikinsu in da ni ce ke ba zan sayar ba.

Mai ginin tukwane:
Ki je da wuri ranar rabon wuri. Shuɗi mai duhu yana shanye haske, in aka ba ki lungu zanenki ba zai fito ba. Nemi farin bango kusa da taga amma ba inda rana ke dukansa kai tsaye ba. Kada ki dogara da wutar zauren, ki tanadi fitila mai caji ko biyu. Ki bar tazara tsakanin yadi da yadi.

Wata 'yar uwa:
Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya. In an sa rana a sanar da mu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je wajen sufabaizana yau. Ya amince, da sharaɗin in kawo hotunan kowane mataki, in ƙara babi a rubutuna kan yadda ake haɗa ruwan, kuma aiki ɗaya in rina shi a situdiyo don kwatance. Na tsaya a bakwai. Yaya ɗan gidan marina, saura tambaya ɗaya: wata ta ce in sa a buga min su su yi ƙyalli irin na rawani ɗan Kura. Ya dace? Kuma yaya zan yi kada su riƙa zuba a hannun mutane?

Ɗan gidan marina, Kano:
Ƙyallin ɗan Kura da turkuɗi garin shuni ne ake bugawa a jikin yadin da tabarya a kan gungume, shi ya sa yake shafa a fatar mai sa shi, Buzaye ma haka suke son abinsu. A naki kada a sa shuni, zai hau kan farin zanen ya dusashe shi. In kina son santsi ki ce bugu kawai, ba shuni, kuma ki fara gwadawa da ƙyalle. Maganar zuba kuwa, kada ki warware zaren sai an ɗauraye yadin ruwa bayan ruwa har ya daina fitar da kala. Bayan kin warware ki sake wankewa da sabulu marar ƙarfi a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa. Wajen warwarewa ki yanka ƙullin kawai ki zare, kada bakin reza ya taɓa yadin. In za ki dawo da su ki naɗe a jikin bututun roba da farar takarda a tsakani, kada ki ninke. Ki zo da safe, kuma ki ware kwana biyu, don mai duhu ba ya gamuwa a yini ɗaya.